Ra'ayi: Kada Bidiyon Minti Ɗaya Ya Sa Ka Fafe Kan Injin da Kake Ci da Shi

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli bidiyon gyaran babur har ƙarshe a TikTok ko YouTube ya san abin da ke biyo baya. Kafin mako ya zagayo, wayarsa ta cika da makanikan Indonesiya da Tailan da Fakistan, kowa na nuna tasa bajintar. Daga cikin bidiyoyin da suka fi jan hankalin matasa akwai na fafar kan inji, aikin da masu shi ke kira fotin. Za ka ga an kwance kan silinda, an ɗauko ƙaramin injin gurza, an rarake ramukan da iska ke bi har sun yi faɗi suna ƙyalli kamar madubi. Sai a yanke bidiyon, a nuno babur yana kururuwa a kan titi, allurar gudu ta kwanta.

Matashin da ke kabu-kabu tsakanin Ambursa da Birnin Kebbi, ko wanda ke kai kaya kasuwar Argungu, idan ya ga wannan dole ransa ya biya. Aikin bai nuna alamar wahala ba, kayan aikin ba su da tsada, ga Boxer a ƙofar gida. Ra'ayina a taƙaice shi ne: kada ka taɓa kan injin babur ɗin da kake ci da shi, ko na injin ban ruwan da shinkafarka ta dogara a kansa. Ilimin fafar kan inji ilimi ne na gaske, kuma ya cancanci matasanmu su koye shi. Amma hanyar koyonsa daban take da abin da bidiyon ke nunawa, kuma ƙarfin da kake nema, galibinsa yana wani wuri da ya fi sauƙin kaiwa.

Mene ne ake fafewa?

Inji mai amfani da fetur, a asalinsa, famfon iska ne. Domin ya ƙona kilo 1 na fetur ƙonawa mai kyau, yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska. Idan aka juya lissafin zuwa lita, kowace litar fetur da ka saya tana buƙatar kusan lita 9,000 na iska. Zuba wa inji ƙarin mai abu ne mai sauƙi. Shigar masa da ƙarin iska shi ne aikin, kuma duk wata dabarar ƙara ƙarfin inji a kan wannan take juyawa.

A injin Boxer da Haojue da sauran masu bugu huɗu, iska gauraye da fetur na fitowa daga kafireto, ta bi wani rami a cikin kan inji (abin da makanikai ke kira top silinda), ta lanƙwasa, ta ratsa gefen bawul, sannan ta faɗa cikin silinda. Bayan ta ƙone, hayaƙi ya fita ta wani bawul da wani ramin zuwa salansa. Waɗannan ramuka biyu, na shiga da na fita, su ake fafewa. Masana'anta tana zuba narkakken alminiyom ne a cikin zubi, saboda haka akan samu 'yan kurajen zubi, ko ɗan tudu a inda ramin ya haɗu da mazaunin bawul. Mai fafa yana neman kawar da abin da ke tare wa iska hanya, ya gyara lanƙwasar yadda za ta wuce ba tare da ta yi ta hautsinewa ba.

Sana'a ce mai tarihi. Wani injiniya ɗan Ingila, Harry Weslake, ya yi suna tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu wajen auna yadda iska ke ratsa kan inji. Ya yi wa kamfanin da ya zama Jaguar aiki, kuma injin da aka ƙera a masana'antarsa shi ne Dan Gurney ya ci gasar tseren motoci ta Beljiyam da shi a 1967. Abin lura a labarin Weslake shi ne, da awo ya shahara. Gurzar tana zuwa ne bayan awon ya nuna masa inda matsalar take.

Abin da kyamara ba ta ɗauka

Bidiyo mai minti ɗaya yana nuna maka sashen da ke da daɗin kallo ne: ƙurar ƙarfe na tashi, rami na ƙyalli. Akwai abubuwa huɗu da ba kasafai suke fitowa ba.

Na farko, teburin awon iska. Na'ura ce da ake ɗora kan inji a kanta, ta zuƙi iska ta cikin ramin, ta faɗi adadin da ya wuce a kowane matakin buɗewar bawul. Ƙwararru sukan yi gwajin ne a ƙarfin zuƙa guda sananne, inci 28 na ruwa, domin sakamakon yau ya yi daidai da na gobe wajen kwatantawa. Su ɗan gurza, su auna, su rubuta, su sake gurzawa. Sau da yawa awon kan nuna cewa gurzar da ido ya ga ta yi kyau ta rage iskar ne.

Na biyu, tulin kawunan injin da mutumin ya lalata kafin hannunsa ya faɗa. Ba wanda ke ɗaukar bidiyon wannan.

Na uku, sauran kayan da aka canza. Babur ɗin da ka gani yana tashi sama, yawanci an sauya masa kamshaf, an sa babban kafireto, an canza salansa da fistin da sifirin ɗin bawul, an sake saita lokacin wuta. Fafar kai ɗaya ce daga cikin gyare-gyare bakwai ko takwas da aka tsara su yi aiki tare. Ka ɗauki ɗaya ka bar sauran, kamar ka faɗaɗa ƙofar ɗaki ne alhali zauren gidan na nan da ƙuncinsa.

Na huɗu, tsawon ran injin. Babur ɗin tsere gudun 'yan daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna yake yi, a kwance shi a duba. Naka kuwa daga asuba har bayan isha'i yake kan hanya, kuma kana so ya kai shekaru.

Faɗin rami ba shi ne ƙarfi ba

A nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. Hankali na ba mutum cewa in rami ya ƙara faɗi, iska za ta ƙara shiga. Amma duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadamar Rima ya san ɗaya ɓangaren labarin. Ka danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwa ya yi tsartuwa da ƙarfi ya kai nesa. Ka saki, ya zubo a gaban ƙafarka. Haka kwatar da aka yi wa faɗi fiye da ruwan da ke binta: ruwan sai ya yi sanyin tafiya, laka ta kwanta.

Iskar da ke shiga silinda tana da nauyi, kuma saurinta na taimakawa wajen cusa ƙari ko bayan fistin ya kai ƙasa ya fara juyowa. Saurin kuma shi ke riƙe ɗigon fetur a cikin iskar, ya gauraya su sosai. Injin da girmansa bai wuce sisi 100 ba, idan yana juyi 4,000 a minti, iyakar abin da zai iya zuƙa lita 200 ne na iska a minti. A juyi 8,000 kuwa lita 400. Ramin da aka faɗaɗa domin ya wadatar da juyi 8,000 ya yi wa juyi 3,000 ko 4,000 yawa. Iskar sai ta yi kasala, mai ya kwanta a bangon rami, babur ya riƙa shaƙewa idan ka murɗa totur daga ƙasa.

To yanzu tambayi kanka, mai karatu: a wane juyi babur ɗinka ke wuni? Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko fasinja biyu daga Zauro, ko ya ɗaure buhun shanshera zai fito da shi daga fadama ta cikin yashi, ƙarfin ja yake buƙata daga ƙasa, lokacin da inji bai ɗau zafin juyi ba. Masu ƙera Boxer sun san wa suke ƙera wa. Ƙaramin ramin da kake gani kamar rowa ce aka yi maka, da gangan aka yi shi haka domin babur ya ja kaya kuma ya yi tsimin mai. In ka fafe shi, ka sayar da ƙarfin da kake aiki da shi kullum, ka sayo wanda sai ka ƙure totur a miƙaƙƙen titi za ka ɗanɗana shi, in ma an dace an samu.

Batun ƙyallin ma akwai gyara. Goge ramin fitar hayaƙi har ya yi sumul ba laifi, yana rage taruwar baƙin kunkunniya. Ramin shiga kuwa, a injin da ke da kafireto, ƙwararru kan bar shi da ɗan kaushi, domin a kan bango mai santsi fetur ya fi saurin taruwa ya zama ɗigo-ɗigo. Abin da ya fi kyau a kyamara ke nan ya fi rashin amfani a kan hanya.

Lissafin gudu da na aljihu

A ce ma an dace, fafar ta yi kyau. Nawa za ka samu? Boxer mai sisi 100 ƙarfinsa bai wuce na doki 8 ko kusa da haka ba. Idan gudu ya yi nisa, babban abin da inji ke kokawa da shi iskar da ke dukan ƙirjinka ce, kuma ƙarfin da ake buƙata don keta ta yana hawa ne da ninkin gudu sau uku. Ma'ana, daga kilomita 80 a sa'a zuwa 90, kana buƙatar ƙarin ƙarfi na kusan kashi 40 cikin 100. Gurza rami kaɗai ba ta ba ƙaramin inji irin wannan ƙari. Ko da ta ba ka kashi 10 cikin 100, gudunka zai ƙaru ne da kimanin kashi 3 kacal, wato kilomita 2 ko 3 a sa'a. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, tafiyar kilomita 50 da 'yan kai, ribar ba ta wuce minti ɗaya ko biyu ba.

Sai birki. Nisan da babur ke ci kafin ya tsaya yana hawa da ninkin gudu sau biyu: wanda ke gudun 80 yana buƙatar kusan ninki biyu na filin da mai gudun 60 ke buƙata. Birkin ganga da tayoyin da ke jikin irin waɗannan babura an yi su ne daidai gudun da masana'anta ta tsara. Hanyarmu kuwa ba filin tsere ba ce. Akwai shanu da awaki, akwai amalanke, akwai yara masu tsallakawa, akwai manyan motocin shinkafa.

Ga kuma kuɗin mai. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024. Kan injin da aka fafe yakan tilasta a sa wa kafireto babban jet, in ba haka ba gaurin ya yi ƙarancin mai, inji ya riƙa zafi, bawul ya ƙone. Babban jet kuwa ƙarin shan mai ne a kowace tafiya. A wannan zamani, fasahar da ɗan kabu-kabu ke buƙata ita ce wadda za ta ƙara masa kilomita a kowace lita.

Kuskuren da ba ya gyaruwa

Manhaja in ta rikice a waya, sai ka goge ka sake saukewa. Ƙarfe ba shi da maɓallin komawa baya. Alminiyom yana da taushi, kan gurza kuma yana cin sa da sauri fiye da yadda sabon hannu ke zato. Ɗan zamewa kaɗan ya isa ya karce mazaunin bawul, daga nan bawul ba zai sake rufewa ruf ba, matsin inji ya zube, tashi da safe ya zama aiki. Ka zurfafa a inda bango ke da siriri, ka ɓulla hanyar baƙin mai ko ramin kusa. A injin mota mai sanyaya da ruwa, ka ɓulla hanyar ruwa. Ka gurje gindin bututun da sandar bawul ke bi, bawul ya fara rawa, inji ya fara shan baƙin mai. Garin ƙarfen da ba a wanke tas ba kuma zai bi ya cinye ringi da jikin silinda.

Wasu kan haɗa da rage kaurin fuskar kan inji don ƙara matsi. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, da inji mai sanyaya da iska, da man bumburutu wanda ba ka da tabbacin abin da aka gauraya masa, ƙarin matsi gayyatar ƙwanƙwasa ce, wadda ke iya huda fistin.

Masu tsohon Jincheng mai bugu biyu, da ƙaramin janareton nan na Tiger, nasu ya fi haɗari. Irin wannan inji ba shi da bawul a kai, ramukan a jikin silinda suke, kuma fistin ne ke buɗe su yana rufewa. Ɗaga bakin ramin hayaƙi da milimita 1 kacal yana canza lokacin numfashin injin gaba ɗaya. In kuma aka faɗaɗa shi fiye da kima, ko aka bar bakinsa da kaifi, ringi ya maƙale ya karye.

Idan hakan ta faru, asarar ba ta tsaya ga kuɗin sabon kai da gasket ba. Akwai kwanakin da babur zai yi a gareji, akwai balas ɗin mai babur in na haya ne ko na biya-sannu, akwai cefanen gida. Garin neman ƙiba ke nan an samo rama.

Injin ban ruwa ma a ƙyale shi

Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, aka kuma buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, noman rani ya ƙara zama abin dogaro a wannan yanki, ƙananan injinan ban ruwa kuma suka cika fadama. Galibinsu Honda GX160 ne mai sisi 163, ko kwaikwayonsa na China. Waɗannan injina suna da wata na'ura da makanikai ke kira gwamna, wadda ke tsare juyinsu kada ya wuce kimanin 3,600 a minti. A wannan juyi ramukan da aka ƙera su da su sun wadatar, fafa ba za ta ƙara maka ko bokiti ɗaya ba. Wanda ya ce bari ya sassauta gwamnan don inji ya ƙara juyi kuwa, ya sani cewa hannun fistin da fulawil ɗin ba a yi su don haka ba, kuma in suka tarwatse, wanda ke tsaye kusa shi ne a bakin haɗari.

Ruwan da ke raguwa a bakin tiyo, yawanci iska ce ke shiga ta mahaɗar tiyon zuƙa, ko matatar ƙasa ta toshe, ko farfelar famfo ta cinye da yashi, ko an ajiye inji nesa da ruwa. Inji ya buga a tsakiyar Maris, lokacin da shinkafa ta ɗauki ciki, kowa ya san abin da kwana uku ba ruwa ke nufi.

Masu cewa ai ta haka ake koyo

Akwai masu ganin irin wannan magana tawa kashe wa matasa gwiwa ce. Suna cewa da tsoron ɓarna ba a zama gwani, kuma ga Panteka a Kaduna, inda aka ƙware a ƙere-ƙere ta hanyar gwaji da hannu. Suna da gaskiya a wani ɓangare. Gaskiya ne kuma cewa kawunan inji masu araha da ake sayarwa a kasuwa sukan zo da zubi mara kyau, kuma share kurajen zubin, da daidaita bakin rami da bakin bututun kafireto, da gyara mazaunin bawul da kyau, na iya amfanar inji ba tare da an ƙara wa ramin faɗi ba. Wannan ɗan gyara a hannun wanda ya sani, ba ni da ja a kansa.

Inda muka rabu shi ne ma'anar koyo. Gwajin da ba awo a cikinsa ba ya koyar da komai, domin ba ka san ko gaba ka ci ko baya ba. Salansa ta ƙara ƙara, kunne ya ce maka babur ya ƙara ƙarfi, kai kuma da ka sha wahalar aikin zuciyarka na son ta yarda.

Soichiro Honda, wanda sunansa ke jikin injinan da ke fadamarmu, yaron gareji ne a Tokyo tun yana ɗan shekara 15. Da ya fara ƙera ringin fistin, tarihi ya nuna cewa daga cikin guda 50 da Toyota ta gwada, 3 kawai suka tsallake. Hannu yana da shi, abin da ya rasa ilimin ƙarfe ne. Sai ya koma aji a makarantar fasaha ta Hamamatsu yana babba, ya koyi abin da ya ɓace masa. Kamfanin Honda ya kafu a 1948. Darasin da ke ciki shi ne a haɗa ƙarfin hali da ma'auni.

Inda ƙarfin babur ɗinka ya ɓace

Mafi yawan baburan da ke kan hanyar Ambursa ba sa ba da ko ƙarfin da suka fito da shi daga kwali. Kafin ka nemi ƙari, dawo da wanda ya zube:

1. Matatar iska. Ka tuna lita 9,000 na iska ga kowace litar mai, sannan ka tuna ƙurar hunturu da ta hanyoyin fadama. Matata mai toshewa ta fi kowane ƙaramin rami shaƙe inji. Wanke ta ko canza ta a kai a kai. Kada ka cire ta don jin ƙara, ƙurar nan samfefa ce ga silinda.

2. Tazarar bawul. In ta matse, matsi ya zube kuma bawul ya ƙone. In ta yi yawa, bawul ba ya buɗewa sosai. A saita ta da fila geji bisa adadin da littafin babur ya faɗa, inji na sanyi, ba da kunne ba.

3. Kafireto da fulogi. Wanke jet, duba launin bakin fulogi. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙi ƙirin mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan.

4. Kaca da sifroket. Busasshiyar kaca ko wadda ta ɗaure da yawa tana cin ƙarfi kafin ya isa taya. Canza girman sifroket kuma shi ne hanya mafi arha ta zaɓar ja ko gudu, kuma in bai yi maka ba sai ka mayar da tsohon.

5. Iskar taya, birkin da ke kamawa, da kulocin da ke zamewa.

6. Baƙin mai na gaske, a canza shi a kan lokaci.

Duk waɗannan ba wanda ke buƙatar a cire wa inji ko ƙwayar ƙarfe ɗaya.

Wayarka ta zama ma'auni

Wayar da ta kawo maka bidiyon za ta iya yi maka aikin da ya fi kallo amfani. Manhajojin awon gudu masu aiki da GPS sun fi allurar babur faɗin gaskiya. Manhajar phyphox, wadda Jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta samar kyauta, tana amfani da na'urorin da ke cikin waya ta zana maka yadda gudu ke hawa. Akwai ƙaramar kyamara mai igiya da ake jona wa waya, a zura ta ramin fulogi a ga saman fistin ba tare da an kwance inji ba. Akwai ƙaramin agogon juyi da ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi. Masu mota kuma suna da ELM327, wadda ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta turo bayanan inji zuwa waya ta Bluetooth.

Tsarin awon mai sauƙi ne. Cika tanki har baki, rubuta kilomita, yi aikinka na yini, sake cikawa, raba kilomita da lita. Don awon ja kuwa, nemi fili ko hanyar da ba zirga-zirga, sa hular kwano, auna daƙiƙoƙin da babur ke ɗauka daga tsaye zuwa kilomita 50 a sa'a, sau uku zuwa, sau uku dawowa saboda iska, da nauyi iri ɗaya. Canza abu ɗaya tak, ka sake aunawa. Wayar kuma ta zauna a aljihu mai zif: a 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗin cewa girgizar babur na iya lalata kyamarar iPhone idan an ɗaure ta a jikinsa.

In har kana son sana'ar

Je wurin 'yan gwangwan ka sayi matattun kawunan inji biyu ko uku iri ɗaya. Yanka ɗaya gida biyu da zarto ta tsakiyar ramin, ka ga kaurin bango da idonka, ka ga inda hanyar mai ta bi. Haɗa naka teburin awon: akwatin katako da ba ya yoyon iska, injin zuƙar ƙura, da farin tiyon nan da magina ke awon lebur da shi, a lanƙwasa shi, a zuba ruwa mai launi, a manna rula a gefe. Ɗora kan inji, buɗe bawul milimita 1, 2, 3 har zuwa ƙarshe, kana rubuta tazarar ruwan. In bayan gurza tazarar ta ragu a buɗewa iri ɗaya, ramin ya ƙara wucewar iska. Da yake wutar lantarki na hawa da sauka, ajiye faranti mai huda guda da za ka riƙa gwadawa kafin kowane awo. Sa tabarau da takunkumi, domin garin alminiyom ba ya wasa da ido da huhu.

Ka kuma kusanci tsofaffin makanikai masu gyaran mazaunin bawul da borin, ka nemi masu karatun injiniyan inji a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero. Su ma makarantun, da za su buɗe wa makanikan gari gajerun kwasa-kwasai a kan awo, da an haɗa hannu da ilimi a wuri ɗaya. Yankin da ke da dubban babura da injinan ban ruwa yana buƙatar mutanen da za su iya faɗa wa manomi da lamba dalilin da ya sa injinsa ke shan mai, da waɗanda suka iya mayar da inji ya koma aiki da gas ba tare da ya ƙone bawul ba. A nan kasuwar take, kuma ta fi ta tsere girma nesa ba kusa ba.

Ranar da littafinka ya cika da lambobi, ka lalata kawuna biyar na gwangwan ka gane dalilin lalacewar kowanne, ka kuma mallaki babur na biyu da ba shi ke ciyar da gida ba, to ka ɗauki injin gurza da bismillah. Kafin wannan rana, wanke matatar iska, saita bawul, ka bar ramin yadda ka same shi.